Ranar da Aka Karɓe Sandar Baba Tsoho daga Hannuna

Yanzu idan na zauna a tsakar gida da hantsi na kasa kunne, ba abin da ke shigo mini sai ƙugin janareta da hon ɗin 'yan adaidaita sahu, sai wani mai tallan magani da ya ɗaura lasifika a kan mota yana ta ihu tun safe. Duk inda ka je a birnin nan ƙarar ɗaya ce, warin hayaƙin ma ɗaya ne. A da ba haka Kano take ba. A da kowace unguwa da muryarta. Da za a rufe maka ido a ajiye ka a wani lungu, kunnenka da hancinka sun isa su gaya maka inda kake. Akwai wajen da masu bugu ke dukan shuɗin yadi a kan gungume, dum, dum, har ka ji abin a ƙirjinka. Akwai lungun maƙera, akwai lungun da ƙaurin daddawa ba ya barinsa rani da damina, akwai gidan da matansa suka fi kowa iya lugude, in suna daka sai ka rantse kiɗa ake yi. In ka doshi Ƙofar Mata, tun ba ka hango komai ba warin baba da toka zai tarye ka daga marina. Yau an cike kududdufai an yi gini a kansu, ganuwa an gutsure ta har ta koma tudun zuba shara, inuwar kukokin da muke hutawa a ciki ta zama shaguna. Duk wannan ina ganinsa, yana kuma yi mini ciwo, amma ba shi ne ya tsaya mini a rai ba. Gari dole ya sake kama. Abin da har yau nake jin ɗacinsa ba magina ne suka yi mini shi ba, ba kuma ruwan sama ba. 'Yan gidanmu ne, da bakinsu, da rana tsaka.

A Zaitawa aka haife ni, a gidan kakanmu na wajen uba, wanda duk gidan ke kira Baba Tsoho. Asalinsu mutanen Barno ne, amma an daɗe da zama Kanawa, Barbarcin ma sai in ransa ya ɓaci yake fito masa. A ƙuruciyarsa bafatake ne, ya yi safarar kanwa da goro a bayan jakuna, ya san rijiyoyin da ke kan hanya kamar yadda mutum ya san ɗakunan gidansa. Sa'ad da na yi wayo idanunsa sun riga sun tafi, yanar ido ta rufe su fari fat, amma ƙafarsa lafiya lau, hankalinsa kuwa ya fi na kowa a gidan. Mahaifinmu ya rasu ni da Yayana muna ƙanana, saboda haka muna hannun Baffa, wan mahaifinmu, mai rumfar ɗinkin riguna a kasuwar Kurmi. Baffa ba mugu ba ne, ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Amma mutum ne da yake tsoron bakin abokansa fiye da yadda yake tsoron komai a duniya.

A lokacin nan matan aure ba sa fita, don haka mu 'yan mata ne ƙafafunsu. Tun kafin in gama famfara nake zuwa aike. Inna, mahaifiyarmu, ta ba ni hular da ta ɗinka in kai wani gida, in karɓo zare a wani, in biya in gaishe da mai jego, in dawo da labarin wanda ya kwanta rashin lafiya da wanda ya samu sauƙi. Muna shiga gidajen da namiji ba ya wuce zaurensu, mu ratsa tsakar gida, mu fice ta wata ƙaramar ƙofa da ko mai unguwa bai san da ita ba, sai ga mu a wani lungu daban. Mun san gidan da ke da mugun kare, mun san kwatar da ke ambaliya, mun san inda za ka yanke in hadari ya taso. Duk yarinyar da ta tashi a cikin birni a zamaninmu haka take, ba ni kaɗai ba. In baƙo ya ɓace, ba dattijon da ke zaune a ƙofar masallaci yake fitar da shi ba, dattijon sai ya ɗaga murya ya ce, "Ke yarinya, zo ki kai bawan Allahn nan gidan wane." Yau jikokina mata daga ƙofar gida sai cikin mota, daga mota sai ƙofar makaranta. Ina murna da karatunsu, Allah Ya sani. Amma akwai cikinsu wadda ba ta san abin da ke bayan katangar gidanmu ba.

Yayana kuwa, wanda da kaɗan ya girme ni, tasa rayuwar daban ce. Da asuba yana zaure da allonsa, da an tashi Baffa ya sa shi a gaba sai rumfa, ya wuni a zaune yana zura zare a allura yana kama bakin riga, da yamma su dawo ta hanyar da suka bi. Hanya ɗaya tak ya sani a duniya, daga gida zuwa Kurmi, daga Kurmi zuwa gida. Yaro ne mai sanyin hali, mai kyan hannu a ɗinki, ba ya son hayaniya. Ba wanda ya taɓa aikensa ko nan da can.

Baba Tsoho ba ya iya zaman ɗaki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan hanya, in ya wuni a kan buzu sai ka ji yana ta tsaki yana faɗa da ƙudaje. Yana da wani tsohon abokin tafiyarsa a Ƙofar Mazugal, yana kuma da abokan hira a marina, kuma tun da idonsa ya tafi ba mai lokacin kai shi. Wata safiya ina wucewa ta ƙofar ɗakinsa ya ji takuna, ya kira ni da sunan wasan da yake kira na.

"Amarya, zo nan. Kin san Ƙofar Mazugal?"

Na ce, "Na sani mana. Ta wace hanya kake so, ta kusa ko mai inuwa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya miƙo mini kan sandarsa, ya riƙe gindin, muka fita. Daga ranar nan na zama mai jansa.

Ba jansa kawai nake yi ba, karatu yake ba ni, ni kuwa na ɗauka wasa ne. Muna cikin tafiya sai ya ja sandar ya tsaya cak. "Ina muke?" In na faɗa, sai ya ce, "Da me kika gane? Kada ki ce mini da ido, ni ba ni da shi." Sai in ce na ji guduma, ko na ji ƙasar ta yi laushi a ƙafata, ko iska ta buɗe, alamar mun fito fili. Wani lokaci ya sa ni in rufe ido, ya juya ni, ya ce in nuna masa inda Dala take, in nuna masa gabas, in nuna masa gida. "Rana ta wane kunne take dukan ki? To, in za mu koma fa, ta wanne za ta dake ki?" In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya bar ni in bi kuskuren har in ga ya kai mu bangon wani gida, sannan ya ce, "To, fitar da mu." Ya kan ce shi ma haka aka yi masa, yana yaro an sha barinsa a baya da jaki guda, ya yi kuka ya gaji ya nemo ayari da kansa. A gidan abokinsa kuwa, bayan sun gaisa an kawo fura, sai ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Ka ga wannan? Da a zamaninmu ne, ita zan sa a gaban ayari." Abokin ya ce, "Mace?" Baba Tsoho ya ce, "Jakunan ba za su tambaya ba." Ni dai ina zaune a gefe ina jin kaina yana neman taɓa rufin zaure.

Mun daɗe a haka, rani ya wuce, damina ta zo ta tafi, wata ta sake kamawa, ko tuntuɓe bai taɓa yi a hannuna ba. Har mutanen lunguna suka san mu, mata su leƙo su ce, "Ga Baba da amaryarsa."

Abin da ya ɓata komai magana ce ta raha. Wani abokin Baffa ya gan mu a hanya, da ya je rumfa sai ya ce a gaban jama'a, "Malam, ashe gidanku maza sun ƙare? Na ga 'yar mitsitsiyar yarinya ce ke jan tsohonku a gari." Aka yi dariya. Shi ke nan fa. Ba wanda ya ce na ɓatar da shi, ba wanda ya ce na yi wani abin kunya. Dariya kawai aka yi, Baffa ya kwaso ta ya kawo gida.

Washegari da safe, na riga na kama kan sandar muna shirin fita, sai ga Baffa ya tare ƙofar zaure, Yaya na bayansa kansa a sunkuye.

"Saki sandar nan," in ji Baffa. "Daga yau yaron nan ne zai riƙa kai Baba."

Baba Tsoho ya ce, "Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Amma ba aikin mace ba ne. Mace ba a sa ta a gaba. Kansu ba ya riƙe hanya, haka Allah Ya halicce su. Yau ta dace, gobe sai ta kai ka inda ba a zata ba."

"Kai ka taɓa bin ta?" in ji Baba Tsoho. "Ni nake bin ta, ni na san abin da kanta yake riƙewa. Yaron nan ko bayan gida bai sani ba."

"Namiji ne, zai gane. Abin a jininsu yake."

Baba Tsoho ya yi wata magana da Barbarci wadda ban ji ma'anarta ba, amma na ga kunnuwan Baffa sun motsa. Duk da haka bai kauce ba. Ranar na fara gane cewa idan tsoho ya makance, ba idonsa kaɗai yake rasawa ba, har nauyin maganarsa a gidansa. Baffa ya sa hannu ya ɓamɓare yatsuna daga kan sandar, ɗaya bayan ɗaya, don na ƙi saki, ya ɗora hannun Yaya a wajen. Kan sandar nan har ya yi santsi saboda hannuna.

An yi ruwa mai yawa a kwanakin. Na ce, "Baffa, to bari in gaya masa, kada su bi ta bakin kududdufi, gefen ya fara zabtarewa."

"Ke! Wa ya tambaye ki? Shige ciki."

Ban shige ba sai da na raɗa wa Yaya, da sauri, cewa in sun wuce lungun maƙera hanya za ta rabu biyu, ya ɗauki ta hagu ko da ta fi nisa. Ya gyaɗa kai, idonsa cike da tsoro. Ina zai gane? Bai taɓa ganin lungun maƙera ba. Kamar ka karanta wa mutum sura sau ɗaya ne ka ce ya ja salla da ita.

Na koma ciki, Inna ta ba ni tsintar shinkafa. Ina tsinta ina bin su a raina, yanzu sun kai wuri kaza, yanzu ya kamata su karya kwana. Ban gama faranti ba na ji hayaniya a ƙofar gida, da salati, da muryoyin maza da ban sani ba. Na fita da gudu ko mayafi babu. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko Baba Tsoho, rigarsa duk taɓo har wuya, rawaninsa a hannun wani, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi ihu ba, yana dai ta ambaton Allah ta cikin haƙora. Yaya na biye, jiƙe sharkaf, yana rawar ɗari, ya rungume sandar a ƙirjinsa. Daga baya muka ji yadda aka yi. Sun ɓace tun kafin su kai rabin hanya, Yaya ya ji kunyar tambaya, ya yi ta juyi da tsoho a lunguna har shi ma tsohon ya rikice, suka faɗa ta bakin kududdufin. Baba Tsoho ya ji ƙasa ta yi laushi ya ce a tsaya, amma kafin ya rufe baki gefen ya tafi da shi. Yaya ya faɗa ruwan ya riƙe kan tsohon sama yana kururuwa har mutane suka zo.

Mai ɗori ya zo ya duba ya ce ƙashin ƙugu ne, kuma ƙashin tsoho ba ya jin ɗori kamar na yaro. Baffa ya ja Yaya bayan ɗaki ya yi masa dukan da ban taɓa ganin an yi wa ɗan'adam ba, yana cewa, "Kai ba namiji ba ne? Kuka kake yi mini?" Da masu jaje suka cika zaure kuwa, sai na ji muryarsa a sanyaye yana cewa ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Na yarda da ƙaddara, har gobe. Amma ƙaddara ba ita ta ɓamɓare yatsuna ba. Na tsaya a tsakar gida, ni 'yar ƙanƙanuwa, na ce da ƙarfi yadda za a ji a zaure, "Ai na faɗa! Na ce kada su bi ta nan!" Inna ta toshe mini baki da tafin hannunta, ta ja ni ɗaki, ita ma tana hawaye. Ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Mace ba ta cewa ai na faɗa." Ba wanda ya sake ta da maganar a gidan nan. Ba wanda ya taɓa cewa, ashe yarinyar nan ta san abin da take yi. Har Baffa ya koma ga Allah bai faɗa ba.

Baba Tsoho bai sake taka ƙasa ba. Ya kwanta a ɗakin da ya tsana, yana ramewa, abokinsa na Ƙofar Mazugal ya zo sau ɗaya a kan jaki, daga nan shi ma ƙarfinsa ya ƙare. Da hantsi, lokacin da muka saba fita, sai ya kira ni. "Amarya, fita da ni." In zauna a bakin gadonsa in fara, "Mun fito zaure, mun bi dama, ga mai ƙosai tana gaishe ka." Sai ya amsa gaisuwar, da gaske, har da tambayar yara. In na tsallake wani lungu don in gwada shi, sai ya ce, "A'a, kin yi mini satar hanya, koma." Haka muke zuwa marina mu dawo, mu je Ƙofar Mazugal mu sha fura mu dawo, alhali ko tabarma ba mu tsallake ba. Yaya kuwa ba ya iya shiga ɗakin. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gaisuwa a ciki-ciki, tsohon ya ce, "Shigo, ba kai ka yi ba, an ɗora maka kayan da ba a koya maka ɗauka ba ne." Bai shiga ba. Kafin wata daminar Baba Tsoho ya rasu.

Daga nan rayuwa ta bi da ni inda take bi da kowace mace a lokacin. Na girma, aka daina aikena, na yi aure a wata unguwa, wajen mutumin da nake so, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma gidansa gidan kulle ne kamar na kowa. In zan fita sai da dalili, sai da rakiya, kaina a ƙasa, wani yana gaba. Da Allah Ya buɗa masa ya sayi mota, sai ya zama daga zaure sai kujerar baya. Na haifi 'ya'ya, na yaye, na aurar, duk a tsakanin bango huɗu. Ban ji ranar da hanyoyin suka fita daga kaina ba. A hankali suka zube, kamar yadda Barbarcin gidanmu ya zube, don ba mai yi.

Yaya kuwa bai ƙara zama lafiya a rumfar Baffa ba. Da ya tasa sai ya gudu tasha ya zama yaron mota. Ya sha zagi, ya sha rankwashi a hannun direbobi, ya kwana a kan kaya, ya yi ta ɓata yana komawa, har ya zama direban babbar mota da ake kwatance da shi. Ba garin da bai sani ba daga nan har bakin teku. In ya zo gaishe ni ana hira, sai ka ji wani ya ce, "Kai, Alhaji akwai ƙwaƙwalwar hanya. Namiji ke nan!" Duk sa'ad da aka faɗi haka sai ya ɗago ya dube ni, ya sauke kai, ya canza zance. Shi ya sani, ni na sani. Yaron da ya kasa kai kakansa unguwar da ke kusa, an ba shi shekaru da titi ya zama gwani, aka ce halitta ce. Yarinyar da ta san kowane lungu, an ba ta shekaru da bango ta manta, aka ce ita ma halitta ce.

Bayan maigidana ya rasu na fita takaba, wata safiya na ji ina son ganin gidan da aka haife ni. Ban gaya wa kowa ba. Na yafa mayafi na fita da ƙafa, ina cewa a raina, ni da Zaitawa ai ko a mafarki. Ban yi nisa ba na ga komai ya juye. Inda na san fili ne na tarar da bene, inda na san lungu ne na tarar da shagon cajin waya. Na kasa kunne, ba guduma, ba lugude, ba komai sai babura. Na ɗaga kai in nemi rana, na rasa ma me zan yi da ita. Na yi ta zagaye har ƙafafuna suka kumbura, na zauna a dakalin wasu mutane ina haki, sai wata mata ta tausaya mini ta sa ni a adaidaita sahu, na faɗi sunan maigidana aka kawo ni gida kamar kaya.

Na tarar hankalin kowa a tashe. Babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa, ya baro wajen aiki, 'yarsa budurwa na kusa da shi da kofin ruwa. Yaron kirki ne, ya yi boko mai zurfi, bai taɓa yi mini musu ba. Ya durƙusa a gabana ya ce da murya mai taushi, don ya kwantar mini da hankali:

"Hajiya, kada ki damu, ba laifinki ba ne. Ai abin a ƙwaƙwalwa yake. Ko kwanan nan na gani a waya, brain ɗin mata ba ya riƙe hanya kamar na maza. Halitta ce kawai."

Na dubi 'yarsa, na ga tana gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ya ƙarasa ni. Yarinya mai kaifin basira, wadda ba a taɓa bari ta je ko'ina ita kaɗai ba, an gaya mata abin da kanta ba zai iya ba, ta karɓa hannu biyu. A al'adarmu uwa ba ta doguwar magana da ɗan fari, kuma ban taɓa yi ba sai ranar.

Na ce, "Tashi ka zauna sosai, ka ji. Ni ban san abin da Allah Ya zuba a kan mace da na namiji ba. Ban buɗe kan kowa na gani ba, masu buɗewa su faɗi abin da suka gani. Wataƙila akwai bambanci, Shi Ya san abinSa. Amma kafin ka auna kaina, ka tambaya me aka yi da shi. Ka ɗaure ƙafar mutum shekara da shekaru, ka kwance, ka ce ya yi gudu, in ya faɗi ka ce haka aka haife shi? Ni na ja makaho a birnin nan tun ban kai kafaɗar 'yarka ba. Maganar nan taka na taɓa jin ta a bakin wani, babu waya a hannunsa, kuma na ga abin da ta haifar."

Na ba shi labarin duka, abin da ban taɓa ba wani daga cikin 'ya'yana ba. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, "Allah Ya ji ƙansu. Allah Ya huci zuciyarki, Hajiya." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma dai daga yau in za ki fita, a kira direba."

Washegari bayan na karya kumallo na yafa mayafina na fita, haka jibi, haka gata. Sun yi magana sun gaji. Ba na nisa, gwiwoyina ba sa bari. Ina bin lungu ɗaya har in san shi, da sabon warinsa da sabuwar ƙararsa, inda mai injin markaɗe yake, inda ake gyaran babura, sannan in ƙara wani a kai. Kan tsohuwa ba ya kamawa da wuri, abin da na riƙe yau gobe sai in neme shi in rasa. Ina ɓata sosai. Ko a makon nan na shiga wani lungu da ya ƙare a bangon masallaci, na tsaya ina waige-waige, sai ga wani saurayi da kayan makaniki a jikinsa, mai ladabi, ya rage tsawo ya ce, "Hajiya, ɓata kika yi? Faɗi gidan in kai ki."

Na ce, "Ɓata na yi, ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Matsa mini dai in wuce."

Ya matsa. Sai da aka kira azahar na ga ƙofar gidanmu ta Zaitawa, an yi mata fenti kore, wasu yara da ban sani ba suna wasa a zauren. Ba wanda ya kawo ni.